KWANGILAR ASIBITI AMANA CE, A SA IDO

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman karatu na mako, a kan dokar ba da kwangila a asibitocin koyarwa.

Bayan hamdala da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya fara da tambayar matasan: allurar da ake yi wa iyayensu a asibitin gwamnati, wa ya sayo ta, a kan nawa, kuma wa ya shaida cinikin? Ya ce duk wanda ba shi da amsa, to ya bar dukiyarsa a hannun wanda bai sani ba.

Malam ya bayyana cewa a 2007 Shugaba 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kayan gwamnatin tarayya, wadda ta hau kan asibitin koyarwa na Shika da na Aminu Kano. Shi kuwa asibitin Barau Dikko, tun da na Jami'ar Jihar Kaduna ne, yana ƙarƙashin dokar jihar ta 2016, wadda ta kafa hukumar KADPPA.

Ya ce ƙa'idar irin waɗannan dokoki ita ce a yi shela a jarida, 'yan kwangila su kawo farashinsu a rufe, a buɗe a bainar jama'a, sannan a ba mafi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ya jaddada maganar sharuɗɗa, domin a harkar magani araha kaɗai tana iya kai mutum kushewa.

Daga nan sai ya yi nuni da ƙofofi biyu da azzalumai kan bi a ko'ina. Ta farko, a tsattsaga babbar kwangila ƙanana-ƙanana don kada ta kai adadin da zai wajabta shela. Ta biyu ita ce gaggawa. Doka ta yi rangwame idan annoba ta ɓarke, to sai a ƙi sayen magani a kan kari har ya ƙare, sannan a ce ai rai ake ceto, a miƙa wa ɗan gida.

Malam ya tunatar cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ya kuma kawo ƙissar Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka da ya ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, har Manzon Allah (S) ya hau mumbari ya yi tir da hakan. Saboda haka "goron" ɗan kwangila ga ma'aikaci haramun ne.

A ƙarshe ya yi kira ga 'yan uwa, musamman ɗaliban likitanci da haɗa magunguna, su nemi dokar su karanta, su riƙa bin shelar kwangila, su halarci ranar buɗe takardu. Ya ce takarda ba ta tsare kanta, sai da idon masu tsoron Allah.

An rufe zaman da addu'a ga marasa lafiya.