Mai Gyaran Famfo Ya Gaji: Jawabi Kan Masu Riƙon Kayan Jama'a Su Kaɗai



Batun wannan zama shi ne mutumin da ba a kiran sunansa ranar buki. Ranar da za a buɗe sabon famfo a ƙauye, motocin manya sukan jeru a gindin gawo, makaɗa su cika fili, babban baƙo ya taka ko ya murza har ruwa ya zubo, mata su rangaɗa guɗa. Kafin la'asar ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa. Daga wannan rana famfon ya zama na kowa, amma ciwon kansa ya zama na mutum guda, wato bakaniken da aka koya wa gyara aka miƙa masa akwatin ƙarfuna, ko kuwa ma'ajin da aka ɗora wa littafin asusu don shi kaɗai ya yi lakwal a garin.

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san ruwanta ba ɗaya ba ne. A cikin Dallol Mawri, wajen Matankari ko Kore Mai Ruwa, guga ba ya nisa kafin ya taɓa ruwa. Amma da an hau tudu, rijiya takan yi zurfin da sai an ɗaura igiya ga sa ko raƙumi. Saboda irin waɗannan garuruwa, bayan farin shekarun 1973 da 1984, da kuma cikin shekaru goma na ruwan sha da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe daga 1981 zuwa 1990, aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a karkarar Nijar, aka ɗora musu famfuna iri-iri. Akwai Vergnet na Faransa wanda ake takawa da ƙafa, akwai India Mark II mai hannu. Tsarin da masu ba da tallafi suka zo da shi mai daɗin ji ne: gwamnati da puroje su haƙa, gari ya kafa kwamiti, a sayar da ruwa dala ɗaya ko biyu, a tara a asusu, in abu ya lalace a kira bakanike a biya shi.

A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, kwamitin mutum biyar yakan narke cikin damina biyu. Shugaba ya tafi cin rani Nijeriya ko Kwatano, mai kula da tsabta ta yi aure a wani gari, sai a wayi gari ma'aji ne shugaba, shi ne magatakarda, shi ne mai tsaron makulli. Bakanike kuma, wanda aka rataya wa ƙauyuka da dama, shi ne ake tayarwa da asuba. Gyaran India Mark II ba aikin wasa ba ne: don a sauya ƴar robar da ta cinye a can ƙasa, sai an ciro bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowane da nauyinsa, in hannu ya kuɓuce duka su faɗa rami. Yakan bar gonarsa tsakiyar noma ya yi wannan aiki, a sallame shi da “Allah ya saka”, a ce kuɗi sai kaka. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan gyaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada nan take, kuɗin bokiti kuwa bai motsa ba, don ba mai ƙarfin halin ƙara wa maƙwabcinsa kuɗin ruwa.

Mulkin jam'iyyu da yawa ya zo da nasa. Kujerar kwamitin famfo ta zama abin rabo tsakanin ɓangarori, ma'ajin da ke wata jam'iyya ya zama ɓarawo a bakin ƴan ɗaya jam'iyyar tun kafin a duba littafinsa. A shekarar 2000 masana biyu, Jean-Pierre Olivier de Sardan da Abdoua Elhadji Dagobi, sun buga nazari a mujallar Politique africaine kan yadda ake tafiyar da famfunan karkara a Nijar, inda suka nuna yadda zargin cin kuɗin asusu ya zama ruwan dare, da yadda riƙon jama'a kan koma hannun mutum ɗaya ba tare da an faɗa ba. Gaskiya ne wasu sun ci. Sai dai zargin bai bar mai gaskiya ba, kuma mai gaskiya ne ya fi saurin jefar da makulli. Wani ƙiyasi da ƙungiyar masana ruwan karkara ta RWSN ta fitar a 2009 ya nuna kusan famfo ɗaya cikin uku a Afirka kudu da Sahara ba ya aiki. Ƙarfe ba ya mutuwa haka kawai. Sau da yawa zuciyar mai kula da shi ce ta riga shi.

Mai saurare zai iya cewa wannan ciwon talakan ƙauye ne. To, ga labarin da zai nuna ciwon ya kai har inda ake ƙera na'urori masu ƙwaƙwalwa.

A watan Agusta na 1991, lokacin da wakilan babban taron ƙasa ke zaune a Yamai suna tuhumar tsohon mulki, wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya ba da sanarwar yana rubuta wata manhaja ta tafiyar da kwamfuta, don sha'awa kawai. Ita ce Linux. Ya bar rubutunta a buɗe, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ba da ko dala ba. Irin wannan ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, kuma ba baƙon tunani ba ne ga mai gyaran famfo, domin shi kansa India Mark II, da gwamnatin Indiya da UNICEF suka tsara a shekarun 1970, zanensa a buɗe yake, kowace masana'anta tana iya ƙera shi. Wayar Android da ɗan kasuwa ke tambayar kuɗin wake da ita a kasuwar Dutsi, a kan Linux aka gina ta. Manhajar DHIS2 da ma'aikatan lafiya ke shigar da alƙaluman asibitoci a cikinta, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta, ita ma buɗaɗɗiya ce. Kowace babbar manhaja kuma tana tsaye ne bisa ɗaruruwan ƙanana, kamar yadda rumbu ke tsaye bisa duwatsun da ba mai kallonsu. Da yawa daga ƙananan nan mutum ɗaya ke riƙe da su, da dare, bayan ya tashi daga aikin da ke ciyar da shi.

A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka a manhajar OpenSSL, wadda ke kulle sirrin saƙonni tsakanin mutane da bankuna da manyan kamfanoni. Da aka waiwaya a ga su wa ke kula da wannan makulli na duniya, sai aka tarar mutum ɗaya ne tak ke aikin a matsayin sana'arsa ta kullum, gudummawar da ake aiko musu kuma wajen dalar Amurka 2,000 ce a shekara, abin da bai wuce miliyan guda na sefa ba. Kamfanonin da ke juya biliyoyi suna sha daga rijiyar, ba wanda ya taɓa tambayar wa ke sayen igiya.

Labarin da ya fi kama da na ƙauyukan nan shi ne na xz, wata ƴar manhaja mai matse bayanai don su rage cin wuri, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Wani mutumin Finlan, Lasse Collin, ya riƙe ta shekara da shekaru shi kaɗai, ba albashi. A 2022 wasu da ba a san fuskarsu ba suka dame shi da ƙorafi: aiki ya tsaya, gyara ba ya fitowa, in ba zai iya ba ya ba wani. Ya amsa musu cewa ƙarfinsa ya ragu saboda larurar da ta daɗe tana damunsa, ya kuma tuna musu cewa aikin nan na sa kai ne. Ba su sassauta ba. A gefe guda kuwa akwai wani mai kiran kansa Jia Tan, mai ladabi, mai ƙwazo, wanda ya riga ya fara kawo ƙananan gyare-gyare masu kyau. Gajiyayye ya ga mataimaki, ya miƙa masa makulli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watannin Fabrairu da Maris na 2024 wannan mataimaki ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar, wadda da ta bazu, da mai ita ya sami hanyar shiga kwamfutocin hukumomi da kamfanoni a faɗin duniya. Abin da ya tona asirin ƙaramin abu ne. Wani injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa tana jinkirin rabin daƙiƙa wajen buɗe hanya, ya ƙi kau da kai, ya bi sawu har ya kai ga ƙofar, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris 2024.

A lura da tsarin abin, don ba sabo ba ne a nan. An bar mutum shi kaɗai, an zage shi don ya gaza, sa'an nan ga wani mai fara'a ya zo ya ce a kawo ya taimaka. Garuruwa nawa ne asusun famfonsu ya bi ta wannan hanya?

Masana sun ba wannan gajiya suna tun 1974, lokacin da Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, ya bayyana abin da ya gani a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta, har da shi kansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a matsayin abin da wahalar aiki marar yankewa ke haifarwa, mai alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sa'an nan aikin kansa ya daina kyau. Bahaushe zai ce mutum ya ƙosa. Ba ragwanci ba ne, don raggo ba ya ɗaukar kayan tun farko. Mai himma take kamawa, wanda ba ya iya cewa a'a, wanda in mata sun tsaya da bokitai a ƙofar gidansa kunya ba ta barinsa ya koma barci. Ma'aikacin gwamnati ma ya san ta: malamin da ke riƙe da aji uku a makarantar daji, ko ma'aikacin jinyar da shi ne likita, shi ne ungozoma, shi ne mai sayar da magani.

Akwai masu cewa aikin lada ne, in an sa kuɗi a ciki an ɓata shi, kuma Arewa ta san gayya tun kafin zuwan puroje. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta yadda gayya take. Gayya yini ɗaya ce, ana yin ta da taro, da kiɗa, da fura, kuma mai gona ya san gobe shi ma zai je ta wani. Ko samariya ta zamanin Seyni Kountché, da duk abin da za a iya faɗa a kanta, ba ta taɓa tura saurayi ɗaya ya gina aji shi kaɗai ba. Aikin da ba shi da ranar ƙarewa, ba shi da abokin yi, ba shi da ramuwa, a daina kiransa gayya. Maƙeri da wanzami da mahauci duk gari ya san hakkinsu a kaka; mai gyaran famfo ne kawai aka ce ya jira lahira.

A can ƙasashen Turai an fara farkawa. Bayan abin da ya sami OpenSSL, manyan kamfanoni sun haɗa asusu ƙarƙashin gidauniyar Linux, aka ɗauki ma'aikata na dindindin. A 2022 gwamnatin Jamus ta kafa asusu na musamman don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji, bisa hujjar cewa su ma kamar hanyoyi da gadoji suke. A Nijar, dokar ruwa ta 2010 ta ɗora nauyin ruwan sha na karkara a wuyan ƙananan hukumomi, ta kuma buɗe ƙofar ba ɗan kasuwa riƙon wurin ruwa bisa yarjejeniya a rubuce. Wannan ya fi dacewa da garuruwa masu tankin ruwa da famfuna da yawa, inda akwai riba. Ƙauyen da ke da famfo ɗaya a kan tudu ba ɗan kasuwar da zai yi takara a kansa, don haka yana nan a hannun mutum gudan nan.

Abin da ya rage a hannun masu wannan zama ba mai yawa ba ne, amma nasu ne. Ma'aikacin da ke tsara kasafin ƙaramar hukuma ya san layin sabon gini ya fi layin gyara farin jini, domin gyara ba a yi masa buki. Shi ne kuma zai iya rubuta ladan bakanike a wannan layi da sunan aiki, da adadi, da wata. Littafin asusun famfo, in ana karanta shi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata, ya tsare dukiyar gari daga maci amana, ya kuma tsare mutuncin ma'aji daga bakin ƴan adawa. Ɗan kasuwar da ke da kanti a Dutsi ko Tibiri ko Gesheme, in ya ajiye robobi da ƙananan ƙarfunan famfo kusa da kayan babur, ya rage wa bakanike tafiyar Doso ko Yamai saboda abin da bai cika tafin hannu ba.

Sa'an nan batun magaji. Bakaniken da aka horar a shekarun 1980, in yana raye, ya tsufa, idonsa ya rage, bututun ƙarfe ya fi ƙarfin kafaɗarsa. Yaron da zai gaje shi sai gari ya zaɓe shi da rana tsaka, wanda aka san uwarsa da ubansa, a haɗa shi da tsohon tun yana iya nuna masa yadda ake kama bututu na bakwai ba tare da na shida ya kuɓuce ba, a kuma yanka wa su biyun abin da za su kai gida.