Digiri Kaɗai Ba Ya Yin Malami



Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, garin 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ya yi suna wajen ilmi, almajirai suna zuwa daga nesa don ɗaukar karatu. A irin waɗannan makarantu, sauke littafi bai isa mutum ya shimfiɗa buzu ba. Sai malaminsa ya saurare shi, ya gamsu da fahimtarsa da halinsa, sa'an nan ya ba shi ijaza, wato izinin karantar da wasu. Magabatanmu sun san cewa sani daban, iya koyarwa daban.

Wannan ƙa'ida tana nan a yau, sai dai ta sake riga. Mai son koyarwa a sakandare yana da hanya biyu. Ko dai ya yi digiri a Tsangayar Ilmi, inda za a haɗa masa fanninsa da dabarun koyarwa, a kuma tura shi gwajin koyarwa a gaban yara; ko kuwa, in ya riga ya yi digiri a wani fanni, ya ƙara da difloma ta PGDE a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Daga nan sai jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai, wato TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa. Takardarta ita ce ijazar zamaninmu.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawa daga cikinmu sun ɗauki aji tamkar rumfar fakewa kafin ruwa ya ɗauke, suna jiran aikin banki ko ofis. Wanda ya shiga aji ba horo yana iya sanin lissafi sarai, amma ya kasa tsara darasi, ya kasa gane inda yaro ya ɓace. Wa zai biya kuɗin wannan sakaci? Yaron Bungudu da yarinyar Tsafe, ranar da sakamakon jarrabawa ya fito.

Tun bayan sace ɗalibai mata a Jangebe a 2021, ba kowane malami ne zai yarda ya baro garinsu ya zo ƙauyukanmu ba. Ashe nauyin ya dawo wuyanmu, mu 'yan ƙasa. Ba mu da uzuri: ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga Kwalejin Ilmi ta Maru, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Masu raina alli su tuna cewa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa horon malanta suka samu a Kwalejin Katsina, kuma a aji suka fara aiki. Saboda haka, 'yan'uwa, mu kammala digiri, mu nemi takardar koyarwa, mu koma gida mu karantar da ƙannenmu.

Allah ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.