Mu Da Baƙinmu

 

Yau za mu yi magana a kan wani abu da kowa ke faɗa a gindin bishiya da bakin kasuwa, amma da baƙo ya doso sai a yi tsit. Watau maganar mutanen da ke tasowa daga waɗansu jihohi, suna zuwa ƙasar Kano su zauna tare da mu.

Ba wanda bai gan su ba a cikinmu. Wani ya zo da matarsa da 'ya'yansa, da tabarma da tukunya, ba akuya, ba jaki. Wani ya zo shi kaɗai da fartanya a kafaɗa, ya ce cin rani ya zo, ga shi damina biyu ta wuce bai koma ba. Akwai mutanen Zamfara, na wajen Zurmi da Maru da Tsafe. Akwai na Katsina, daga Batsari da Jibiya da Faskari. Akwai na Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni. Waɗannan 'yan bindiga ne suka raba su da gonakinsu. Kafin su an yi na Barno da Yobe, waɗanda suka gudo daga fitinar Boko Haram, tun ba ma cikin 2014 ba, sa'ad da aka ci Gwoza da Bama. A wannan fitina mutum fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu, mafi yawansu kuwa a gidajen mutane suka sauka, ba a sansani ba.

Akwai kuma waɗanda ba gudu ya kawo su ba, neman abinci ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ruwa ya ke gangarowa Kadawa da Kura da Bunkure rani da damina, 'yan ƙwadago ba su fasa zuwa dashen shinkafa da tsinkar tumatir ba.

To, me mu ke faɗa a kansu? Bari mu faɗa a fili, gama ɓoye ciwo ba ya warkad da shi.

Muna cewa gona ta yi tsada. Muna cewa ɗakin da a ke ba mutum kyauta a da, yanzu sai da kuɗin haya. Matanmu suna cewa layi ya yi tsawo a rijiya, itacen wuta kuma sai an yi nisa. Samarinmu masu ƙwadago suna cewa baƙo ya karya musu farashi, domin mai jin yunwa ko nawa aka ba shi karɓa ya ke yi. Babbar magana kuwa ita ce ta tsoro. Muna cewa, wa ya san abin da ya koro shi? Wa ya sani ko shi ne idon ɓarayin?

Waɗansu daga cikin maganganun nan gaskiya ne. In rijiyar da ta ishe gida talatin ta koma ta gida hamsin, lalle layi zai yi tsawo, ba ƙarya a ciki. Maganar ƙwadago ma haka ta ke, kuma ɗan talakan gari shi ya fi jin ta a jikinsa. Mai babbar gona ba ya kuka, don shi riba ya ci. Saboda haka kada wani mai hali ya ce da matalaucin gari ba shi da tausayi. Shi ne ya ke raba ɗan abin da ya ke da shi.

Amma mu dubi maganar gona da kyau. Wa ya sayar? Baƙo ba ya sayen gonar da ba a sa ta a kasuwa ba. Mu ne mu kan sayar, ran da bikin 'ya ya taso, ko ran da magada suka ƙi jituwa. Kuma wanda ya gudo da tabarma da tukunya ba shi ke tsawwala kuɗin gona ba. Masu tsawwalawa a mota su ke zuwa daga birni, yawancinsu kuwa 'yan jiharmu ne. Har wa yau mu da kanmu mun yi yawa. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da miliyan 9 a Jihar Kano. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau jikoki nawa ke kanta? Ku lissafa na gidanku ku gani.

Tsadar hatsi kuma, kun tuna yadda kome ya tashi bayan an janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023. Kuɗin mota ya hau, kayan kasuwa suka bi shi. Wannan ya sami garin da ke da baƙi, ya sami garin da ba shi da ko ɗaya. Ba daidai ba ne mu ɗora wa Bazamfare laifinsa.

Yanzu bari mu koma baya kaɗan, mu tambayi kanmu, wane ne ɗan gari?

Masu tarihi sun ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka zo, suna neman tama. Bagauda, Sarkin Kano na farko, zuwa ya yi ya tarad da mutane. A zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka zo daga Mali da littattafansu. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka. Wanda ya san birni ya bi unguwanni ya ji sunayensu. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa. Ga Dandalin Turawa, su kuwa Turawan nan Larabawa ne, gama da su a ke kira haka tun ba a san Ingilishi ba. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, ya zama babban attajirin da kowa ya sani, daga Agalawa ya fito, Agalawa kuwa asalinsu daga arewa ne, wajen Azbin. Yau wa zai ce zuriyarsa ba Kanawa ba ne? Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ba a daɗe ba aka kafa Sabon Gari domin mutanen kudu.

A karkara ma haka ne. Duk inda kuka ji ƙauye ko unguwa ana ce da ita Katsinawa, ko Gobirawa, ko Daurawa, ko Zangon wane, sunan da kansa ya ba ku labari. In kun koma gida yau, ku tambayi tsohon da ya fi kowa shekaru daga ina kakansa ya taso. Da yawa za su sha mamaki.

Ita kanta jihar da mu ke tutiya da ita, yaushe aka yi ta? Da lardi-lardi ne, duk a cikin Jihar Arewa ɗaya. Ran 27 ga watan Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, Jihar Kano tana ciki. Cikin 1987 aka cire Katsina daga Kaduna. Cikin 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Cikin 1996 aka cire Zamfara daga Sakkwato, jihohi suka cika 36. To, ku duba. Mutumin Haɗeja ko Gumel ko Kazaure da ke zaune a Kano ya kwanta yana ɗan jiha, gari ya waye ya ji a rediyo ya zama ɗan wata jiha. Bai motsa daga kan tabarmarsa ba. Iyaka ce ta motsa.

Dokar ƙasa kuma ta yi magana. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 41, ya ba ko wane ɗan Nijeriya ikon ya tafi inda ya ga dama cikin ƙasar, ya zauna. Sashe na 42 ya hana hukuma ta nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar gida ko fili ko ina a Nijeriya. Watau ba mai unguwa, ba dagaci, ba taron samari da ke da ikon korar mutum don kawai daga wata jiha ya zo. Wanda ya yi laifi, akwai 'yan sanda, akwai alƙali.

Amma akwai inda abin bai daidaita ba, ba kuwa za mu ɓoye muku ba. Kun san takardar shaidar ɗan asalin Ƙaramar Hukuma, wadda a ke nema in yaro zai shiga babbar makaranta, ko aikin gwamnati, ko soja. Yaron da aka haifa a nan, ya yi wasan ƙasa da 'ya'yanmu, bai san ko ina ba sai nan, sau da yawa sai a ce da shi ya tafi garin ubansa ya karɓo. Garin uban kuwa wataƙila ya zama kufai. A ganinmu wannan abu ne da ya kamata manya su sake dubawa.

Sa'an nan kada mu manta, mu ma baƙi ne a wani wuri. Wane gida ne a nan ba shi da ɗa a Ikko, ko Ibadan, ko Fatakwal, ko Abuja? Wani yana sayar da goro, wani albasa, wani yana tuƙa babur, wani gadi. Sabo ta Ibadan ta fi shekara ɗari Hausawa na zaune cikinta. Cikin watan Yuli 1999 aka yi rikici a Shagamu, aka kashe Hausawa. Da labari ya iso Kano sai aka far wa Yarabawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Cikin watan Fabrairu 2021 aka sake yin wani a kasuwar Shasha ta Ibadan, aka ƙone rumfuna da gidaje. Duk ran da irin wannan ya faru, uwaye a ƙauyukanmu ba sa barci sai waya ta shiga. Abin da mu ke so maƙwabcin ɗanmu ya yi masa a can, an ba mu irinsa a hannu a nan.

To, maganar tsoro fa? Ba mu ce ku rufe ido ba. A cikin ko wace jama'a akwai ɓata-gari, kuma an sha kama masu kai wa 'yan bindiga labari, waɗansu baƙi, waɗansu kuwa haifaffun garin da aka kai wa hari. Kakanninmu suna da hanyarsu, ba mu ga abin da ya fi ta ba har yanzu. Baƙo ba ya kwana a gari sai yana da mai masauki. Mai masauki ya kai shi wurin mai unguwa. Mai unguwa ya tambaye shi sunansa, da sunan ubansa, da garinsu, da sunan dagacinsu, da sana'arsa, da yawan iyalinsa, ya rubuta, ya sanad da dagaci. Yanzu ga waya, ana iya bugawa can garinsu a tambaya. Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan, shi ma kariya ce gare shi, domin ran da aka yi sata ba za a fara da ƙofarsa ba. Wanda ya ƙi a kai shi wurin mai unguwa, shi ne abin lura.

Kuma a ja wa yara kunne. In mutumin Sakkwato ya ce "mi" inda mu ke cewa "me", ba abin tsokana ba ne. Hausarsa ce, shi ma tamu baƙuwa ce a kunnensa. Faɗan manya da yawa daga bakin rijiya ya kan faro, tsakanin yara.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi kawo shari'a, watau gona. Hanya huɗu a ke ba mutum gona: aro, da haya, da jingina, da sayarwa. Rigima ta kan taso ne bayan shekaru, sa'ad da mai bayarwa ya rasu, 'ya'yansa suka ce aro ne, baƙo ya ce saye ne, shaidu kuma duk sun mutu. Don haka ko wacce za a yi, a rubuta. A sa sunan mai gona da na mai karɓa. A faɗi iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, da sunayen maƙwabta. A faɗi ko damina nawa ce. In mai karɓa ya zuba taki, a faɗi damina nawa zai ci kafin a karɓe, don kada ya gyara wani ya more. A faɗi wanda ke da ɗorawa da kuka da mangwaron da ke ciki, da ko an yarda ya dasa itace, gama dashen itace a gonar aro shi ya kan zama hujja daga baya. In gonar gado ce, kada mutum ɗaya ya sayar sai magada duka sun yarda. In sayarwa ce, a tuna Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun Ƙaramar Hukuma, saboda haka bayan dagaci da hakimi sun shaida, a kai can a tabbatar.

Takardar a yi ta uku, ɗaya ga mai gona, ɗaya ga baƙo, ɗaya ga mai unguwa. Kada kowa ya dangwala yatsa sai ya karanta da kansa, ko an karanta masa a gaban shaidu. In baƙon bai iya karatu ba, akwai sauran wuri a kan tabarmar ajin nan, ku zo da shi ran Litinin. Malam zai rubuta misalin takardar aron gona a allo, kowa ya kwafa cikin littafinsa.