Zuciyar Mai Jego da Darasin da Zariya Ta Ba Likitoci



Kafin mu shiga ɗakin mai jego, bari mu leƙa cikin ƙirji tukuna. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki yana dawowa dama, a tura shi huhu ya sauke gurɓatacciyar iska, ya ɗauko oksijin. Daga nan sai ya faɗo hagu, ɓangaren da ya fi kauri da ƙarfi, wanda ke harba shi tun daga ƙwaƙwalwa har tafin ƙafa. A bakin ɗakunan akwai ƙyamare masu hana jini komawa baya, kuma rufuwarsu ce likita yake saurare idan ya ɗora abin awo a ƙirji. Ibn al-Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana yadda jini ke bi ta huhu, sannan William Harvey na Ingila ya cika bayanin zagayen a 1628.

Baligi yana zaune, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura kusan lita 5 na jini. Manoman fadama da ke cikinmu sun san halin injin ban-ruwa: yana da iyakar abin da zai ja, in an matsa masa sai ya fara tari. To, mace mai ciki jininta yana ƙaruwa da wajen kashi 40 cikin 100, zuciyarta kuwa ta yi wata da watanni tana ɗauke da wannan kaya kafin ranar haihuwa.

A nan garinmu Zariya ya shiga littattafan likitanci. A shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da Dakta Neil Davidson na Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin asibitin koyarwa yana Tudun Wada, sun lura masu jego na zuwa da kumburin ƙafa da haki, makonni kaɗan bayan haihuwa. Zuciya ce ta gaza. Suka ƙiyasta abin yana samun kusan mai jego 1 cikin 100 a yankin, adadin da ya ba likitocin ƙasashen waje mamaki, kuma suka buga bincikensu a 1978.

Me suka tarar a gidaje? Abin da duk kuka sani: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Kanwa kuma 'yar'uwar gishiri ce, sodiyam ɗin da ke cikinta yana sa ƙoda ta riƙe ruwa, jini ya ƙara yawa. Ga zafi, ga ruwa, duk a kan zuciyar da ba ta huta da gajiyar ciki ba.

Iyayenmu, ban zo zagin al'ada ba. Kakar da ke hura wuta da asuba don ruwan jikarta, ƙauna ce ta tashe ta. Kuma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta daga baya ya nuna babban laifin ba na wanka ba ne: akwai rama da rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin sinadarin seleniyam, da hawan jinin masu ciki. A ganina wannan ya fi tsoratarwa, domin rage zafin ruwa yana hannun uwar miji, cika tukunya kuwa sai da kuɗi.

Duk da haka, a sirka ruwan, a rage kanwar, a auna jini a wajen awon ciki da kuma bayan haihuwa. Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko take farkawa cikin dare tana neman numfashi, ko ƙafarta ta kumbura har yatsa yana lotsawa, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta. Ruwa ne ya taru a huhunta saboda hagun zuciya ya kasa kwashewa. A sa ta a mota zuwa asibitin koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa a ranar, ba sai an yi arba'in ba.

Shugaban taro, na ga hannuwa sun fara tashi a ɓangaren mata. Bismillah, Hajiya.