Zanga-zangar Lumana da Kishin Ƙasa: Jawabi a Kan Nguru da Gashuwa



Ran 1 ga Agusta, 2024, Gwamnatin Jihar Yobe ta kafa dokar hana fita dare da rana a Nguru da Gashuwa da Potiskum. A ranar ce mutane suka fito ko'ina a ƙasar nan don kukan tsadar rayuwa, wadda ta tsananta tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023. Duk wanda ke aika kuɗin abinci gida daga Agege ko Sabo ya san abin da kwanon gero ya koma.

Fitowar ba laifi ba ce. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon taruwa da 'yan'uwansa, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, ta soke tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro. Haƙƙi ne, har ma wajibi ne, domin mai kishin ƙasa ba ya ganin rufin gida na yoyo ya kama bakinsa.

To, amma me mahukunta suka ji a ranar? Mutanen waɗannan garuruwa suna da kukan da ya fi na mai daɗewa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga halin ni-'yasu. Gashuwa kuwa ta yi shekara da shekaru tana binne 'ya'yanta saboda ciwon ƙoda. Da an bar dattawa da malamai da 'yan kasuwa sun isa gaban hukuma da takarda a hannu, da waɗannan ne za su cika jaridu. Sai 'yan ta-more suka kutsa, aka ƙone motocin safa a Potiskum, aka shiga fashe-fashe. Kashegari ba a maganar ƙoda, ba a maganar kachala, sai ta ɓarna. Dokar kuwa talaka ta fi ci, shi da sai ya fita yake samun na tuwo.

Ita ma hukuma da nata alhakin. Ran 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Da surutu ya yi yawa, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Wannan surutu bai fasa ko tagar kowa ba, kuma cikin 'yan kwanaki yaran suka koma hannun iyayensu.