Buhunan Gawayi da Kasuwar Krofrom

A jami'ar KNUST da ke nan Kumasi Ibrahim Mahama ya yi karatu, ɗan Tamalen nan da ke ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi ya lulluɓe gine-gine da su. A 2015 aikinsa ya kai har Venis. Buhunan duk faci ne da baƙin gawayi, kuma mai kallo kan tambayi kansa: gumin wa ke ɗauke da arzikin Ghana?

Unguwar Krofrom da ke nan Kumasi ma na da tata tambayar. Tun 2007 aka fara ginin kasuwarta, aikin ya yi shekaru a tsaye, alkawari sai ƙaruwa yake.

Kamar yadda buhunan Mahama ke tayar da tambaya, ya kamata ɗaliban zane su fito daga harabar jami'a, su baje ayyukansu gaban matan kasuwa da matasan Zango, a gayyato 'yan majalisa su amsa tambayar kasuwar da bakinsu.