Kunya da Tsoro a Gaban Jama'a



Duk wanda ya tashi a Kazaure ko Roni ko Gwiwa, ko maƙwabciyarmu Babura, ya san irin tarbiyyar da aka yi mana. Yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya tsoma baki idan manya suna zance, ya durƙusa ya gai da su ya wuce. Wannan kunya ado ce, ban zo nan don in kushe ta ba. Abin da ke damuna shi ne yadda tsoro yake aron rigarta ya sa. Sai ka ga ɗalibi ya san amsa sarai, amma ya yi gum, wai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gobe shi ne ma'aikacin da za a yanke shawara a kan rijiyar ƙauyensu yana zaune, bai ce uffan ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 kujerunmu suka ƙaru a wuraren shawara, kuma kujerar da mai ita ba ya magana kamar babu kowa a kanta take.

Bugun zuciya da bushewar baki da rawar murya ba alamar kasawa ba ne. Jiki ne yake shirin gudu, domin bai bambanta taron mutane da kura ba. Yawanci yakan lafa bayan an soma magana. Saboda haka ka haddace jimlolinka uku na farko har su zama kamar karatun allo, sauran kuwa ka rubuta kanunsu kawai. Wanda ya kafa ido a takarda yana karantawa, jama'a ƙeyarsa suke kallo. Ka ja numfashi a hankali kafin ka buɗe baki, ka zaɓi fuska biyu ko uku ka riƙa yi musu magana.

Ku saurari jawabin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 1960. Ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa, yakan dakata har kalma ta zauna. Mai kunya ya fi kowa iya wannan, tun da ya saba auna magana, ya san zarar bunu ce.

Kada ka soma da babban zaure. Ka soma da taron ƙungiyar ɗaliban garinku, da Hausa, ko da jawabin godiya ne na minti biyu. Ka ba aboki waya ya ɗauki muryarka, ka saurara da dare, ka ƙirga sau nawa ka ce "wato".